Tauraro Biyar Na Ba Matashin Kai

Abuja, hawa na tara,
Litinin bayan La'asar.

Zuwa ga Rahamatu, ɗiyar Malam Auwal na Dandin Mahe, uwar 'ya'yana, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira, raɓar safiya a kan ganyen albasa, rijiyar fadama wadda ba a taɓa zura mata guga ya fito wayam ba, inuwar tsamiya ga wanda ya taho daga Lambara da ƙafa da tsakar rana! Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na san kin dakata kin juya takardar nan ki duba ko ta wata ce aka kawo miki bisa kuskure. Ba a yi kuskure ba. Ni ne Mainasara mijinki, kuma da hannuna na rubuta, babu wanda ya taya ni. Layukan nan na sama sun ci mini awa guda da takarda uku. Akwai wurin da na kwatanta ki da farin wata, na dawo na soke, domin wata yana raguwa, wani lokacin ma a fita nemansa a rasa. Ke kuwa sau ɗaya aka neme ki aka rasa, shi ma laifina ne.

Yau kwana ashirin da uku ke nan da kika ce za ki je ki duba ƙafar Inna, kwana biyu ki dawo. Na yi miki waya sau goma sha ɗaya. Kowane kira ina tambayar ƙafar Inna, ki ce da sauƙi. In tambayi Abdulaziz, ki ce yana wasa. In ce miki Fiddausi tana wurin yayata Nana Aisha, tana zuwa makaranta. Daga nan sai mu yi shiru mu biyu muna sauraren numfashin juna, har in ce to madalla, in kashe. Ƙafar Inna ta warke tun a mako na farko. Na sani, don na gan ta a kasuwar Shagari tana tafiya da sauri ta fi ni.

Yaya Nana Aisha ce ta gaji da kallona ina cin garin kwaki a tsaye, ta faɗa mini abin da kika ce mata. Ta ce kin ce, "Ba hwaɗa munka yi ba, Yaya. Da ma hwaɗan na, da na san shina magana." Na ji, na ce to. Ta ce wannan "to" ɗin ita ce matsalar. Na sake cewa to.

Ba sai an tuna mini ranar ba. Ranar da 'yan ƙungiyar manoman albasa suka zo gidanmu ne bayan ƙaramar Sallah. Tun asuba kike tsaye a kan murhu, kika yi dambun zogale da gyaɗa, kika yanka zabi biyu daga cikin naki, ba nawa ba. Alhaji Bawa, shugaban ƙungiya, ya sa hannu ya kai baki, ya lumshe ido ya ce, "Mainasara, kai dai ka yi dace. Wanga dambu ko birnin Sakkwato ba ka samun irinai." Mutum takwas suka juyo suna jiran in ce wani abu. Na ce, "To, ciki dai ya cika." Suka yi dariya. Ban san kina bayan katanga da tulun ruwa ba. Amma ko da na sani, ina jin abin da zan faɗa ke nan, kuma wannan ya fi muni.

Ki yi haƙuri ki bar ni in ba ki labarin inda nake, domin ta nan hanyar maganar ta bi.

Kin san ƙungiya ta turo mu ni da Alhaji Bawa taron da wani kamfani ya kira a kan yadda za a adana albasa ba ta ruɓe ba. Su suka ɗauki nauyin komai, suka sauke mu a wani otal a tsakiyar gari, inda tituna suka haɗu suna ta gudu ba a san wanda ke korar wani ba. Ginin ya fi hasumiyar masallacin Juma'ar Bodinga tsawo sau huɗu, na tsaya na gwada da ido. Ƙofarsa gilashi ce, tana buɗe kanta in ta ga mutum. Na yi mata sallama a karon farko, ba ta amsa ba, amma ta buɗe.

Ba su ba ni makulli ba, wani kati suka ba ni. Shi ke buɗe ɗaki, shi ke kunna wuta, in ka fita ka bar shi a ciki kuma shi ke hana ka shiga. Wannan na ukun da kaina na gano shi, ranar Asabar, ina sanye da singileti da carbi a hannu. Na sauka hawa tara a haka cikin lif, wato wannan akwati mai hawa da sauka da mutane, tare da wasu Turawa biyu da suka yi ta kallon rufi. Ni ma na kalli rufin. Babu komai a wurin.

Ɗakin kuwa, Rahamatu, gadon da ke cikinsa zai ɗauke mu ni da ke da Fiddausi da Abdulaziz, a kuma samu wurin ajiye buhu biyu. Matashin kai shida suka jera mini, ni da kai ɗaya. Akwai tawul huɗu farare, har yau ban taɓa ko ɗaya ba, da rawanina nake goge fuska don kada in ɓata musu. Na'urar sanyi tana hura iska kamar tana da gaba da ni, na nemi inda ake kashe ta na rasa, na kwana da riga biyu a watan da ake narkewa a Bodinga. Famfo ɗaya ne yake kawo ruwan zafi da na sanyi, kuma shi yake zaɓa, ba kai ba. Babu buta. Na tambaya, suka ce za su kawo, suka kawo mini tukunyar dafa shayi mai igiyar lantarki. Da ita nake alwala. An manna wata 'yar kibiya a cikin aljihun tebur tana nuna alƙibla, sai dai aljihun yana fita duka, kuma ban san ta wace fuska aka mayar da shi ba kafin zuwana. Na bi rana.

Taga ba ta buɗuwa. Ina tsayawa a jikinta in ga motoci ƙanana kamar tururuwa sun sami gero, in ga fitilu da gine-gine har inda ido ya tsaya, amma ba na jin ƙarar komai. Babu zakara, babu turmi, babu akuyar maƙwabta. Babu muryarki kina cewa Fiddausi ta sauko daga kan katanga. Ya sanyin idona, wa ya ce shiru hutu ne? Ni da na ɗauki shiru sana'a shekara tara, a ɗakin nan na ji yadda yake idan wani ne ke yi maka shi! Kwana biyu kawai ya yi mini, na ji kamar in fasa gilashin. Ke kin yi shekara tara a cikinsa, kina shara, kina girki, kina haihuwa.

Abincin otal ɗin ba laifi. Ana jera shi a cikin manyan kwanonin ƙarfe masu murfi, kowa ya ɗiba da kansa, babu wanda ya san wanda ya dafa. Ya dace da ni ƙwarai, don babu wanda ke jiran in ce komai. Amma jiya Lahadi, da aka tashi taro da Azahar, Alhaji Bawa ya ce ba zai zo Abuja ya koma da labarin shinkafa fara ba. Wata ma'aikaciyar kamfanin ta nuna mana wani gidan abinci a tsallaken titi, bayan wurin ajiye motoci, ta ce abincin mutanen Meksiko ake sayarwa. Na tambayi Alhaji ina ne Meksiko. Ya ce bayan Amurka ne, ko gabanta, ya danganta da inda ka tsaya.

Mun yi minti goma kafin mu tsallake titin. Gidan ba shi da girma. An shafa wa bangonsa ruwan ɗorawa da shuɗi, an rataye wasu huluna masu faɗi irin malfar Fulani amma sun ninka ta uku, ana kaɗa wani kiɗa mai yawan kakaki. Kafin in zauna na sa Alhaji ya tambaya da Turanci ko akwai naman alade ko giya a cikin girkin. Aka ce wanda za a kawo mana kaza ce da naman sa, kuma wurin mahautanmu suke saye. Sannan na zauna, a bakin kujera.

Abu na farko da aka kawo soyayyiyar masara ce, an yanka ta kusurwa uku kamar laya, da wani ɗan kwano na tumatir da albasa da barkono ɗanye, da wani kuma na fiya da aka dame ta ta zama kore shar. Na jira a kawo tuwon da za a ci da su. Ba a kawo ba. Ashe layar ce cokalin, kuma ita ce tuwon.

Sai aka kawo wanda suke kira tako. Ki ɗauka gurasa ce da ta yi jinya ta rame, ta masara, faɗin tafin hannu, a zuba mata nama da albasa da wani ganye mai ƙamshin sabulu, a matsa lemun tsami, a naɗe. Alhaji kuma aka kawo masa burito, wanda aka naɗe shinkafa da baƙin wake da cuku da kindirmo duka a ciki kamar an yi wa jariri zane. Na tsaya ina kallon nawa. Alhaji ya ce, "Mi kaka kallo? Ci, ba ya cizo."

Yana cizo. Akwai wani jan yaji a gefe, na ɗauka irin namu ne na shafa da yawa. Loma ta farko ban ji komai ba, ta biyu na ji kunnena na dama ya toshe, ta uku na tuna duk wanda na taɓa yi wa laifi tun daga makarantar allo. Hawaye suka zubo. Kuma abin ba ya zama a hannu, in ka ciji gaba sai ya zube ta baya. Rigata mai ruwan toka, wadda kika wanke kika ninke kafin ki tafi, yanzu tana da tarihin wannan rana a ƙirjinta.

Amma a cikin wutar nan na gane wani abu. Na tsinci albasar da yatsa, na shinshina, na tauna ita kaɗai. Tamu ce, Rahamatu. Ja ce, ta rani, ta fadama, mai ƙarfin da ke hawa hanci kafin ya sauka maƙogwaro. Na ce wa Alhaji in ba ta ƙasar Sakkwato ba ce a canza mini suna. Ya faɗa wa mai kawo abincin, shi kuma ya shiga ciki, sai ga mai gidan ta fito da kanta.

Tsohuwa ce gajera, za ta yi sa'ar Inna, gashinta fari an kitse shi gida biyu, hannunta duk gari. 'Yar Meksikon ce ta gaske, aure ya kawo ta ƙasar nan tun da daɗewa. Ta ja mu har ƙofar madafa ta nuna mini buhun. Na duba ɗinkin bakinsa, irin namu ne. Ta ce, Alhaji yana fassarawa, a garinsu farar albasa suka sani, sai da ta shekara kafin ta saba da tamu, yanzu kuwa ko kyauta aka ba ta farar ba ta so. Tana magana tana ɗaukar curin ƙullun masara tana marinsa tsakanin tafukanta, taf, taf, taf, har ya yi faɗi, ta jefa a kasko, ba ta ko kallonsa. Haka kike yi in kina dunƙula fura, kina magana da Yaya, hannunki yana aikinsa shi kaɗai.

Sai ta juyo ta kalle ni, da jajayen idona da rigata, ta tambaya yaya na ji abincin.

Ina so ki san gaskiya. Abincin bai kai dambunki ba. Bai kai tuwon dawarki na ranar da ba ki da lafiya ba ma. Amma matar tana tsaye, ta bar kaskonta, tana jira, ga Alhaji yana jira. Sai na ji bakina ya buɗe ya ce ya yi daɗi ƙwarai, naman ya dahu, masarar tana da ƙamshi, wanda ya yi wannan ya san hannunsa, Allah ya yi albarka. Jimla biyar. Na ƙirga su daga baya. Ban mutu ba, harshena bai karye ba, rufin gidan bai faɗo ba.

Fuskar tsohuwar nan ta buɗe kamar an ɗaga labule. Ta dafa ƙirji, ta yi dariya, ta faɗi wata magana. Alhaji bai fassara ba. Na ce ya faɗa mini. Ya gyara hula ya ce, "Ta ce matarka ta yi dace, mijinta ya iya yabo." Sannan ya sami wani abu a jikin bango da yake bukatar kallo.

Ban ƙarasa cin abincin ba. Suka naɗe mini sauran a takarda mai ƙyalli, na tsallako titi da shi a hannu ban ma duba mota ba.

Yau da safe kuma na tarar an turo wata takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Otal ɗin ne yake son ya ji ra'ayina. An jera abubuwa, kowanne da tauraro biyar a gabansa, ka cike gwargwadon yadda ya gamsar da kai. Na kai wa Alhaji ya karanta mini. Tsabtar ɗaki, na ba da biyar. Fara'ar ma'aikata, biyar. Ruwan wanka, wanda ya ƙona ni sau biyu, na ba shi huɗu don kada ya ji ba daɗi. Laushin matashin kai, biyar. Ina cike tauraro na biyar ɗin nan hannuna ya tsaya. Matashin kai, Rahamatu! Auduga a cikin ƙyalle, ba ya ji ba ya gani, bai taɓa tashi da asuba saboda ni ba, kwana biyu kawai muka yi da shi, ya sami abin da ba ki samu ba a shekara tara!

A ƙasan takardar an bar fili, an rubuta ko akwai wani abin da kake son ka faɗa mana. Na fara rubutu a wurin. Na yi layi huɗu Alhaji ya leƙo ya ce, "Wagga takarda wurin manaja za ta, ba Dandin Mahe ba." Shi ne na karɓo wata, na kuma ɗauko farar takardar da suke ajiyewa a kan tebur, na hawo na rufe ƙofa, da katin a aljihu.

To ga abin da nake son in faɗa.

Kin tuna zuwana zance zauren Baba? Sau shida na zo daga Bodinga, kowane zuwa in zauna a kan tabarma in yi miki bayanin ruwan sama, inda ya sauka da inda bai sauka ba, da abin da hakan zai yi wa gero. A zuwa na shida kika ɗago kai kika ce, "Malam, in damana kaz zo nema, ba gidanga take ba." Na koma gida, washegari na turo kawuna. Kika ɗauka jarumta ce. Tsoro ne. Na ga in na sake zama gabanki sai na faɗi abin da ke raina, kuma ban san ta inda ake fara shi ba. A ranar kina sanye da mayafi ruwan ƙwai, akwai lalle a yatsunki uku, na huɗun ya goge. Ina iya gaya miki ta wane gefe rana ta shigo zauren. Duk wannan yana nan a ajiye, ban taɓa fito da shi ya sha iska ba.

Kin tuna shekarar da albasa ta ruɓe mana a rumbu? Kwana uku kina zaune kusa da ni cikin wari, da cikin Abdulaziz wata bakwai, kina tsince mai rai daga matacciya. Wadda ta fara taɓuwa kika yanke gefen, kika shanya, muka ci miyarta har kaka. Ranar da muka gama na ce miki, "An rage." Abin da nake nufi shi ne, da ba ki nan da na zauna a cikin rumbun nan ban tashi ba.

Akwai kuma wadda ta fi nauyi, wadda ba mu taɓa maganarta ba. Bara, da cikin nan ya zube, na tsaya a ƙofar ɗakin asibiti na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ce zan je in ba albasa ruwa. Kika juya fuska bango. Kin ɗauka albasa ta fi ki. Ban kunna injin ban-ruwa ba ranar, Rahamatu. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka har muryata ta dushe, na wanke fuska, na dawo da lemu a leda. Na ɗauka namiji haka yake yi, ya kai kukansa inda ba mai gani, ya kawo wa matarsa busasshiyar fuska ta jingina. Ban san busasshiyar fuska ba ta jinginuwa ba. Da na zauna a bakin gadon nan mun yi kukan tare, da ya fi miki lemu.

Ya zumar farin kaka, ya nonon safe da ba a sa wa ruwa ba, ya iskar da ke riga hadari isowa! Me zan kwatanta gidan nan da shi tun da kika fita? Tukwanenki suna kife yadda kika bar su, na kasa taɓa su. Zabinki suna bina a tsakar gida suna yi mini tambayar da ba ni da amsarta. Fiddausi ta ce in yi mata kitso, na yi, malamarsu ta aiko a tambaya ko lafiya. Ina dawowa daga fadama in yi sallama a ƙofa, in tsaya, in amsa wa kaina. Wace irin gona ce wannan da aka bar mini, ga ƙasa ga iri ga rijiya, amma babu abin da ke tsirowa?

Saurara, zan faɗa a fili, a rubuce, yadda ba zan iya janyewa ba. Dambun ranar nan ya yi daɗi. Ban taɓa cin irinsa ba, kuma na ƙara sau biyu bayan baƙi sun tafi, a tsaye, daga cikin tukunya. Furarki ta fi ta kowa a Bodinga, na sha ta gidaje da yawa ina kwatantawa a zuci. Miyar kukarki ta ranar Juma'a ita ce dalilin da ba na tsayawa gaisawa a masallaci. Kina da kyau in kina fushi, kin fi kyau in kina dariya, kuma dariyar da kike yi in kin ɗauka ba na ji ta fi duka. Ina sonki. Tun daga mayafi ruwan ƙwai nake sonki, ban huta ba ko rana ɗaya.

Ba zan yi miki alkawarin zama maroƙi ba. Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana auna magana da cokali ba zai wayi gari yana zuba ta da masaki ba, in na ce zan yi na yi miki ƙarya. Wata rana zan manta. Wata rana zan buɗe baki abin ya fito a karkace, in ce miyar ta fi ta jiya, ki tambaye ni me ta jiyan ta yi. Amma zan buɗe bakin. Abin da na ji zan faɗa tun yana da zafi, a gabanki, ba a bakin rijiya ba. In na yi shiru ya wuce kima, ki ce mini, Mainasara, ina jira. Ba zan ce to ba.

Alhaji Bawa zai riga ni tasowa gobe, ta hanyar Yawuri zai bi, ya ce zai tsaya a Shagari ya ba ƙaninki wannan takarda hannu da hannu. Na liƙe ta da kyau, ko da yake ina zargin ya riga ya san rabinta. Ni sai an rufe taro ranar Laraba. Tsohuwar nan ta ba ni busasshen barkonon garinsu guda bakwai a ƙulle, ta ce in kai wa matata. Ina ganin in an fasa za a sami iri. Akwai wuri a bayan madafarki inda ruwan wanke-wanke ke bi, zai yi. Ki yi hankali da shi, na riga na gaya miki halinsa.

Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan zo Dandin Mahe da hantsi. Ba zan turo kawu ba wannan karon, ba zan turo Yaya ba. Zan gaida Baba, in duƙa in gaida Inna in yi mata barka da ƙafa, sannan in nemi izini in gan ki. Ba zan yi maganar damina ba ko da ana ruwa. In kin ga dama ki biyo ni, akwai wuri a keke napep, na riga na yi magana da mai shi ya jira. In kuma kika ce ba yanzu ba, ba zan ja ba. Zan koma Bodinga in dawo Alhamis ta sama, in sake dawowa ta samanta. Na duba kalandar da ke jikin bangon nan har ƙarshenta, Alhamis ba ta ƙarewa.

Ki shafa mini kan Abdulaziz.

Naki tun daga zauren Baba har ranar da za a ɗauke ni a makara, ba na wata ba, ba na canzawa,

Mainasara Bodinga.